Zanena ya yi kyau a takarda amma ya lalace a kan kambas: ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iya zane, kuma na ɗan jima ina surfanin kambas, wato ɗinkin nan da ake yi da allura mara tsini a kan yadi mai ramuka kamar rariya. Kwanan baya na zana fure da fenti a kan kambas na ba ƙawata ta ɗinka. Da ta gama, gefen furen ya fito gatsa-gatsa, jan launi ya zuba cikin fari bayan ta jiƙa aikin, kuma abin da na yanka daidai wa daida ya karkace. Burina in riƙa zana kambas ina sayarwa, ina kuma koyarwa. Me na yi ba daidai ba, kuma ta ina ake fara wannan sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsaloli ukun nan sanannu ne, kowacce da dalilinta, amma tushen ta farko shi ne: kin zana hoto don ido, alhali kambas allura ake zana wa. Mai ɗinki ba fure take gani ba a lokacin da take aiki. Mahaɗa ɗaya ce a gabanta, inda zaren tsaye ya haye zaren kwance, kuma abin da take son sani shi ne wane launi za ta ɗora a nan. Idan fentinki ya raba mahaɗar gida biyu, rabi ja rabi kore, kin bar ta da canki-canka. Ta canka sau ɗari a gefen fure ɗaya, dole gefen ya fito yadda kika gani.

Shi ya sa masu wannan aiki suke bambanta kambas ɗin da aka shafa wa hoto kawai da wanda aka bi mahaɗa bayan mahaɗa, kowacce da launi ɗaya tak. Na biyun ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba, shi ne kuma mai ɗinki za ta sake nema. Tunanin ma ba sabo ba ne: tun farkon ƙarni na 19 masu buga takardu a Berlin suke fitar da zane a kan takarda mai ƙananan gidaje, gida ɗaya suka ɗaya, wato ɗinki guda a kan mahaɗa ɗaya. Ke ma daga nan za ki fara, ko a takarda mai gidaje ko a manhajar kwamfuta, kafin buroshi ya taɓa kambas.

Kafin zanen, zaɓi ƙidayar kambas, wato yawan ramuka a inci ɗaya (inci ɗaya sentimita 2.54 ne). Waɗanda aka fi samu su ne 10, 12, 13, 14 da 18, masu zanen hannu kuma sun fi amfani da 13 da 18. Ki dubi abin da wannan ke nufi a aikace. Faɗin inci 5 a kan mai 18 suka 90 ne, a kan mai 13 kuwa 65 kacal. Idon tsuntsu da za ki fitar da suka huɗu ko biyar a kan mai 18 zai iya komawa ɗigo ɗaya a kan mai 13. Haka kuma aikin inci 10 tsawo da faɗi suka 16,900 ne a kan mai 13, amma 32,400 a kan mai 18, kusan ninki biyu na wahalar mai ɗinki da taki wahalar ta fenti. Idan akwai rubutu a zanen, ki ba kowane harafi aƙalla gidaje 7 a tsaye da kamar 5 a kwance, in ba haka ba sai an yi ta ƙura ido kafin a karanta.

Akwai wani abu da kusan kowane sabon mai zane ke faɗa wa, kuma muna zaton ya taɓa furenki. Sukar asali a wannan ɗinki a karkace take kwanciya, daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama, kuma duk aikin haka take tafiya. Siririn layi da ya bi wannan hanya zai fito a haɗe sumul kamar igiya. Wanda ya karkata ta ɗaya ɓangaren, daga ƙasa ta dama zuwa sama ta hagu, zai fito a yanke, ɗigo-ɗigo, domin sukar ba sa taɓa juna. Don haka ganye mai jijiyoyi a hagu da dama, wanda a takarda gefensa biyu iri ɗaya ne, a ɗinke ɗaya gefen zai yi kyau ɗayan ya watse. Maganinsa ki kaurara layin da ya saba wa sukar ya zama mahaɗa biyu, ko ki rubuta wa mai ɗinki ta juya sukar a wannan layin kaɗai, ko a bar shi sai an gama a bi ta kai da ɗinkin baya. Lanƙwasa kuma da matakala ake gina ta, kuma matakalar tana son tsari: gidaje biyar, uku, biyu, ɗaya, ɗaya, sannan a juya. Idan kika yi uku, ɗaya, huɗu, biyu, ido zai ga cizo a gefen. Da'ira kuwa ki ƙirga kwata ɗaya da kyau, ki maimaita ta sau huɗu.

Zubar jan launi batun kayan aiki ne. Fentin akirilik ake amfani da shi domin idan ya bushe ruwa ba ya ɗaga shi. Alƙalamin tawada, ko da an rubuta a jikinsa cewa ba ya gogewa, kada ki yarda da shi sai kin gwada: ki ja layi a guntun kambas, ki bar shi ya kwana, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga da ƙarfi. In ƙyallen ya ɗauki ko da alama ce, ajiye alƙalamin. Fensir ma yana baƙanta farin zare yayin da yake wucewa ta rami. Sai dai kada a ɗora wa fenti laifin duka tun ba a bincika ba, domin wani jan zaren shi kansa yana zuba. Jiƙa guntunsa ki matse cikin farin ƙyalle za ki gane.

Wajen shafawa, ki tsinka fentin da ruwa kaɗan-kaɗan har ya riƙa bin zaren kambas ba tare da ya toshe rami ba. In ya yi kauri zai rufe ramuka, ya bushe da kaifi, ya riƙa cin zaren mai ɗinki. In ya yi ruwa da yawa zai gangara zuwa mahaɗar da ke kusa. Ramin da ya toshe ki hura shi ko ki soka masa allura tun yana ɗanye. Fara da launuka masu haske, masu duhu su biyo baya. Idan kuma akwai kore kala uku da suka yi kusa da juna, ki ƙara tazara tsakaninsu a fenti fiye da yadda za su kasance a zare, don mai ɗinki da ke aiki da daddare a ƙarƙashin fitila ta ga iyakar kowanne. Muna kuma ba da shawarar ki fara zaɓen zare sannan ki haɗa fenti ya bi shi. Launin da kika haɗa wanda babu zarensa a kasuwa wahala ce kika sayar wa mutane. Ki bar inci 2 babu fenti a kowane gefe, ki rufe bakin kambas da tef na takarda don kada ya warware ko ya riƙa kama zare.

Karkacewar kuma daga ɗinkin take, ko da yake ke ce ya kamata ki faɗa wa ƙawarki tun farko. Sukar asali iri uku ce, a fuska kamarsu ɗaya, a baya suka bambanta. Rabin gicciye ba ya cin zare da yawa amma ba ya rufe baya, kuma ba ya zama da kyau a kan kambas mai zare ɗaya-ɗaya da ba a kulle ba. Kontinental ana yin ta layi-layi, tana barin doguwar suka a karkace a baya, kuma duk suna ja ta fuska ɗaya, shi ya sa murabba'i ke komawa kamar an tura shi da kafaɗa. Ta uku ita ce saƙar kwando, ana yin ta a layukan karkace, hawa da sauka, bayanta yana fitowa kamar saƙa, jan wannan layi yana rage jan wancan. Ita ake so a duk fili mai faɗi. A haɗa da firam na katako huɗu, a ɗaure kambas da 'yan ƙananan ƙusoshi marasa tsatsa, karkacewar za ta ragu ƙwarai. Wanda ya riga ya karkace ana iya gyara shi: a ɗan jiƙa, a miƙe shi a kan allo mai layukan daidaito, a kafe, a bar shi ya bushe sarai. Wani sai an maimaita sau biyu ko uku. Amma wanda launinsa ke zuba, jiƙawar ƙara ɓata shi za ta yi.

Game da sana'ar, yawancin kwanakin mai zanen kambas ƙirga ne da maimaitawa. Zane na farko da kika gama, kika ɗinka da hannunki, kika gyara, shi ne uwa, ba a sayar da shi, daga gare shi ake kwafar sauran. Kada ki fitar da zanen da ba ki ɗinka ba, ko ba ki ba wani ya ɗinka ba tare da kin tsaya a kansa kina bayani ba. Ki riƙe agogo ki san awa nawa kwafi ɗaya ke ci, domin a kan wannan za ki yanke kuɗi, kuma ki tuna shagon da zai saya a hannunki yawanci kusan ninkawa yake yi kafin ya sayar. Zanen da ke cin awa goma alhali mai saye ba zai biya ladan awa uku ba, ko ki sauƙaƙa shi ko ki bar shi. Idan oda ta yi yawa, masu zane kan ba wasu masu fenti uwar su kwafa, wasu kuma su koma bugun inji. Bugun inji ya fi sauri, sai dai kambas ba ya miƙewa ɗari bisa ɗari, don haka launi kan zame daga mahaɗa, mu koma kan canki-cankar da muka fara da ita. Hoton wani ko tambarin kamfani kada ki zana don sayarwa ba da izini ba. Wuya da idanu su ne jarinki, ki sami fitila mai kyau da tebur mai ɗan tudu, ki riƙa miƙewa.

Koyarwa kuwa mu a ganinmu ita ce makarantar mai zane, domin a aji ne za ki ga daidai inda zanenki ke ruɗa mutane. Ajin farko kada ya wuce mutum shida zuwa takwas, don sai kin tsaya a bayan kowa kin ga hannunsa. Ki ba su abu ƙarami, inci 4 a kan mai 13, wato suka 2,704, da launi uku ko huɗu, abin da za su iya gamawa. Allura mara tsini lamba 20 ta dace da mai 13, lamba 22 da mai 18. A mai 13 murɗaɗɗen zaren auduga mai sheƙi lamba 3 yana rufewa da kyau, a mai 18 lamba 5. Tsawon zare kada ya wuce inci 18, kamar sentimita 45, in ya fi haka yana sirancewa da gogar rami, sai ƙarshensa ya kasa rufe kambas. Don sanin yawan zaren da za ki sa wa kowa, ki ɗinka inci ɗaya tsawo da faɗi, ki auna abin da ya ci, ki ninka da girman filin, ki ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar. Zaren fili ɗaya a saye shi lokaci ɗaya mai lambar rini ɗaya, domin rini biyu na launi ɗaya sukan bar layi a tsakiyar aiki.

Ki nuna musu su fito da allura ta ramin da babu komai, su shiga ta wanda ya riga ya sami zare, don kada su tsaga sukar da ta gabata. A saƙar kwando ki koya musu karanta kambas ɗin kansa: a layin da zaren tsaye ke sama ana sauka, a wanda zaren kwance ke sama ana hawa. Wanda ya yi layi biyu a jere ta fuska ɗaya zai ga tudu a karkace a fuskar aikin, kuma ba ya gyaruwa sai an warware. Saboda haka a daina ɗinki a tsakiyar layi, kada a ƙarshensa, don gobe a san inda aka nufa. Ƙarshen zare a cusa shi a baya a tsaye ko a kwance. Idan zare ya murɗe a saki allurar ta yi lilo ya warware da kansa. Mai amfani da hannun hagu kuma ki zauna kusa da ita, ki juya mata takardar zanen sukar sama ta koma ƙasa, sukar za ta kwanta daidai da ta kowa.

Takardar jagora da za ki ba ɗalibai ta ƙunshi kowane yanki na zanen, da zarensa, da yawan silin da za a sa a allura, da hoton sukar mai lambobi, 1 fitowa, 2 shiga, 3 fitowa. Ki nuna yadda za a gajarta suka a bakin iyaka inda cikakkiya ba ta shiga, domin nan ne sababbi ke tsayawa cak. Idan kina son horo mai tsari, Royal School of Needlework da ke Ingila, wadda aka kafa a 1872, tana koyar da aikin kambas, American Needlepoint Guild a Amurka ma tana da shirin horar da malamai. Kafin nan, ki ɗauko furen nan ki mayar da shi kan takarda mai gidaje, ki gyara matakalar gefensa, ki gwada fentin da jan zaren da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan ki roƙi ƙawarki ta sake ɗinka shi da saƙar kwando a kan firam, kina zaune a gefe kina rubuta duk inda ta ɗaga kai ta yi tambaya.