Ga 'yar Daura mai karatun jinya a Ingila: barcin hantsinki ba lalaci ba ne

Wata 'yar Daura da ke shekara ta 2 a karatun aikin jinya a Ingila ta rubuto mini nan Katsina. Ta ce tun tana gida ita mai hirar dare ce, barci ba ya ɗaukarta kafin ƙarfe 1. Yanzu wani makon tana asibiti tun 7 na safe, wani makon aikin dare na awa 12, ga aikin gidan kula da tsofaffi da take yi don ta turo wa gida kuɗi. Kuka na zo mata haka kawai, abinci ya fita ranta. In Innarta ta kira da hantsi ta same ta kwance, sai ta ce Turai ta koya mata lalaci. Tana tambaya: ta ƙara awannin aiki, ko ta ajiye karatun ta dawo?

'Yata, kada ki yi ko ɗaya tukuna.

Allah bai yi mu da agogon jiki iri ɗaya ba. Wani da an sallame isha'i ya fara gyangyaɗi, wani kuma a lokacin idonsa ke bushewa. Akwai gado a ciki, akwai kuma ƙuruciya, don masu shekara 20 da 'yan kai sun fi kowa karkata ga dare. Masana barci sun lura cewa mutanen dare sun fi faɗawa ƙuncin rai, musamman in ana tilasta musu sammako. Ke kuwa yau sammako, jibi kwana a tsaye. Dole jiki ya rikice. Ga shi a Disamba rana kan faɗi can kafin ƙarfe 4, a Yuni kuma asuba ta yi wajen ƙarfe 3 na dare. Wanda ya tashi da ranar Daura ba ya sabawa da wannan cikin sauƙi.

Haske ne ke saita agogon nan. Makon safe, ki fita waje da zarar gari ya waye, ko da hadari, ki kuma ajiye waya awa guda kafin kwanciya. In kin tashi aikin dare, ki sa labule mai kauri, ki kashe ƙarar waya. Kofi da baƙin shayi kada ki sha su bayan farkon dare, don sukan yi awanni suna aiki a jiki.

Maganar takardu ita ce ta fi tayar mini da hankali. Bizar ɗalibai awa 20 ta yarda miki a mako lokacin karatu. Awannin koyon aiki da makaranta ta tura ki ba sa cikin lissafin, amma na gidan tsofaffi suna ciki, kuma wuce iyaka na iya jawo soke biza. In kika bar karatun, makaranta za ta sanar da hukumar shige da fice, a gajarta miki zama. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a can kuma na buƙatar awa 2,300 na koyon aiki kafin rajista, duk wadda kika rasa sai kin rama. Saboda haka ki je wurin malamar da ke kula da ke tun kafin fashi ya taru, ki roƙi a daidaita miki jadawali. Ki ga likitan unguwarku. Kin riga kin biya kuɗin lafiya tare da biza. Ki faɗa masa zancen kukan, ki nemi a duba jininki. In har tunanin cutar da kanki ya zo, ki kira layin taimakon lafiya na 111 ko Samaritans, ƙungiyar masu sauraron waɗanda ke cikin damuwa, a 116 123 a daren nan.

Sai Inna. Kada ki riƙe ta a rai. Matar da ta share tsakar gida ta dama koko kafin rana ta fito, barcin hantsi a wurinta toshe arziki ne. Ba ta ga kin kwana kina juya tsoho a gado kina auna masa hawan jini ba. Ki ce mata, "Inna, aikina kamar na mai gadi ne." Wannan za ta gane, don ba wanda ke tashin mai gadi da hantsi. Ki tura wa yayanki jadawalin ta WhatsApp ya karanta mata, ku tsayar da ranar waya. Ki tuna daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonku na bayan na gida da awa 1.

Kuɗin kuma, ki faɗa wa yayan naki abin da awa 20 za ta iya bayarwa bayan kin cire haya da abinci, ki ce shi ne za su riƙa gani har ki gama.