Ƙarin Ƙashi Kafin Dashen Haƙori: Daga Ina Ake Samo Shi?

Tambaya: Likita, ina zaune a Agege. An cire mini haƙorin tauna tun da daɗewa, yanzu ina son dashe, amma an ce ƙashin wurin ya zaizaye, sai an yi ƙari. Gaskiya ne da ƙashin dabba ake yi?

Amsa: Malam, abin da aka faɗa maka daidai ne, domin da zarar an cire haƙori ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da shi yakan fara ramewa, musamman a watanni 6 na farko, kuma ƙusar ƙarfen taitaniyam da ake dasawa don ɗora sabon haƙori ba ta zama da kyau sai ƙashi ya kewaye ta.

Ƙashin jikinka shi ne mafi dacewa, tunda yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai. Akan ɗebo shi daga haɓa ko bayan muƙamuƙi, idan kuma giɓin babba ne, daga ƙugu. Sai dai za ka yi jinyar wuri biyu, shi ya sa ba na gaggawar ba da shawararsa a kan ƙaramin giɓi. Akwai na ɗan Adam da aka bayar gudummawa aka tsabtace, akwai kuma na haɗi irin su haidroksi'afatait, wanda ba ruwansa da mutum ko dabba.

Batun dabba gaskiya ne. Wanda ya fi yawa na saniya ne, kamar Bio-Oss na kamfanin Geistlich, wanda ake cire masa furotin har ya koma gari kamar tsakin gishiri. Jiki ba ya saurin narkar da shi, don haka yana riƙe kaurin wurin. Amma akwai na alade, kuma inda mutane suka fi shagala shi ne ɗan mayafin kolajin (wani furotin na fata da jijiya) da ake rufe garin da shi kafin a ɗinke dasashi, domin sau da yawa daga alade ake samar da shi. Ka nemi a nuna maka kwalin kowanne kafin ranar aiki, tunda akwai mayafin da ba na dabba ba.

Hoton CBCT, wato hoton ƙashi da ke nuna muƙamuƙi ta kowace fuska, shi ne zai nuna girman giɓin, kuma za ka iya neman ra'ayi na biyu a sashen haƙori na asibitocin koyarwa na Legas, wato LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. Galibi akan jira watanni 4 zuwa 9 kafin a dasa ƙusar, kuma shan sigari ko ciwon sukarin da ba a daidaita ba suna iya lalata aikin.