Ku Tambaya Mu Amsa: Madubin Hangen Zafi a Kan Bindigar Farauta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙasar Daura, kuma na gaji farauta daga wajen mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ina da bindigar toka da ya bar mini, da kuma wata ta farauta da nake riƙe da ita da lasisi. Ƙanena da ke aiki a Dubai ya ce zai aiko mini da madubin nan da ake ɗaurawa a kan bindiga, wanda ake ganin dabba da shi cikin duhu ta hanyar zafin jikinta. Ina son a yi mini bayanin yadda yake aiki, da yadda ake ɗaura shi a saita, da kuma ko akwai haɗari a cikin amfani da shi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya saka wa ƙanenka da alheri. Sai dai ka dakatar da shi tukuna kada ya saya, domin maganar hukuma tana gaba da maganar saiti.

Kayan hangen dare suna cikin abubuwan da ba a shigo da su Nijeriya sai da takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, takardar da ke nuna wanda zai yi amfani da kayan da kuma dalilinsa. Idan babu ita, kwastan suna da hurumin riƙe kayan a filin jirgi, kuma wanda ya ɗauko saƙon zai iya shiga tambayoyin da bai shirya musu ba. Ita ma bindigar tana da nata sharaɗin a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, da na farauta waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, da masu ɗuri ta baki irin ta toka waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ka duba lasisinka ka tabbatar bai ƙare ba, domin a 2023 rundunar 'yan sanda ta bayyana dakatar da bayar da sababbi. Ka kuma auna halin da jiharmu take ciki. Mutumin da jami'an tsaro ko dakarun sa-kai da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 suka ci karo da shi a daji tsakar dare, riƙe da bindiga mai madubin hangen dare, ba lallai ne a ba shi damar fito da takarda daga aljihu ba. Saboda haka dole ne DPO na yankinku da sarkin maharba da mai gari su san da zaman kayan nan kafin ya fita daga ɗakinka.

Game da yadda yake aiki, duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a Ingila a shekarar 1800. Shi ne abin da fuskarka ke ji idan ka matso kusa da murhun da wutarsa ta mutu amma tokar ba ta huce ba. A cikin madubin akwai wani ɗan faranti mai ɗauke da dubban ƙananan ɗigogi, kowane ɗigo yana sauya yadda yake wuce da lantarki gwargwadon ɗumin da ya sauka a kansa, sai na'urar ta haɗa waɗannan bambance-bambance ta zana hoto a kan ɗan allon da kake leƙawa. Lambobin da za ka gani a jikin kwali, irin 256×192 ko 384×288 ko 640×512, yawan ɗigogin ke nan, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon kyan hoto da tsadar kuɗi. Ba ya bukatar wata ko tauraro ko fitilar goshi. Abin da yake bukata kawai shi ne a sami bambancin zafi tsakanin dabba da abin da ke bayanta.

A nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo. A hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, ƙasa tana hucewa sosai da dare, don haka zomo ko dila zai fito fari tas a kan baƙar ƙasa. A bazara kuwa, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, rairayi da duwatsu da suri da kututturen itace suna riƙe zafi har dare ya yi nisa, sai allon ya cika da fararen dunƙule waɗanda babu mai rai a cikinsu. Da almuru da kuma bayan fitowar rana akwai ɗan lokacin da zafin abubuwa ke kusan daidaita, hoton ya dushe. Damina ma tana rage masa ƙarfi, domin laimar iska da ruwan sama suna shanye wannan haske kafin ya iso.

Bindigar toka ka cire ta daga lissafi. Ba ta da layin ƙarfen da ake kama madubi a kai, kuma yawan albarushi da harsashin da ake ɗura mata yana sauyawa daga ɗuri zuwa ɗuri, saboda haka babu saitin da zai zauna. Kada ka yarda maƙeri ko mai walda ya huda ko ya ɗana wani abu a kan bututunta. Idan ɗaya bindigar mai watsa ƙananan harsasai ce, ita ma amfaninta da madubin kaɗan ne, domin an ƙera shi ne don bindiga mai harba dunƙulallen harsashi ɗaya, kuma littafin da ke cikin kwali yana faɗin iyakar bugun baya da zai iya jurewa.

Idan bindigar ta dace, to da rana ake aikin ɗaurawa. A fara cire harsashi, a buɗe a leƙa ciki da ido a tabbatar babu komai, kuma bakinta yana kallon inda babu mutum. A zaunar da madubin a kan layin ƙarfen, a bar tazarar kamar santimita 5 tsakaninsa da ido, ko abin da masu ƙera shi suka rubuta, domin wanda ya manna ido zai sha sara a gira idan bindigar ta buga baya. A ɗaure kusoshin daidai ƙarfin da littafin ya ce, ba a matse su har su lauye ba. Sai a murɗa zoben da ke wajen ido har rubutun da ke kan allo ya fito sarai, sannan a murɗa na gaba don gyara hoton abin da ke nesa. Wajen gwaji a nemi inda akwai tudun ƙasa mai taushi a baya wanda zai tsare harsashi, ban da dutse, domin harsashi yana tsalle daga kansa. Takarda mai zane ba ta fitowa a wannan madubi, tunda tawada da takarda zafinsu ɗaya ne, shi ya sa ake manna ɗan yankin takardar alminiyom, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi da ita, a ɗan karkata ta sama ta fito dabam. A fara daga mita 50, a yi harbi uku, a matsar da alamar saiti zuwa inda suka taru, a adana, sannan a ƙara nisa. Duk ranar da aka cire madubin ko bindigar ta faɗi, sai an sake gwaji. Za ka kuma riƙa jin ɗan ƙara, hoton ya tsaya na ɗan lokaci kaɗan. Na'urar ce take daidaita ɗigoginta, ba lalacewa ba ce, amma a wannan ƙiftawar abin da kake gani tsohon hoto ne.

Haɗarin da ka tambaya a kai shi ne abin da ya fi damuna, kuma masu talla ba sa tsayawa a kansa. Madubin yana nuna maka cewa akwai abu mai zafi a can, amma ba ya gaya maka ko mene ne. Tun a 1958 wani masani a rundunar sojan Amurka, John Johnson, ya nuna cewa hango abu dabam, gane shi dabam, kuma tantance shi yana bukatar bayani a cikin hoto kusan ninki shida na abin da hangowa ke bukata. Ma'ana, idan kwali ya yi alfahari da mita 1,800, nisan da za ka iya tantance abu mai girman mutum bai wuce kamar mita 300 ba, a daren da yanayi ya yi kyau, kuma na ƙaramar dabba bai kai haka ba. Maɓallin ƙara girman hoto ba ya ƙara komai, ɗigogin da ake da su kawai yake kumburawa. Yanzu ka tuna waɗanda ke cikin dajinmu da dare: mai noman rani da ya sunkuya yana juya ruwa a fadama, da yaron Fulani da ya kwanta kusa da garke, da wanda ya tsuguna biyan bukata a bayan gari, da matar da ta yi sammakon itace. Mutumin da ya duƙa a cikin ciyawa, wanda rigarsa ta rufe zafin jikinsa sai kai da hannuwa, ba ya kama da mutum a wannan allo.

Akwai kuma abin da madubin ke ɓoyewa. Wanda ke da ɗigo 384 da gilashin milimita 35 yana nuna faɗin kamar mita 13 ne kacal a nisan mita 100, don haka abokin farauta ko karenka zai iya shigowa daga gefe ba ka sani ba. Siraran rassa da busasshen karan dawa da waya sau da yawa ba sa fitowa, alhali suna iya karkatar da harsashi. Ko ƙaramin harsashin nan na .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, ƙasar Daura kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ƙauyuka da rugage a kusa da juna. Hasken allon ma yana kashe wa idon da ya leƙa ganin duhu, kuma kafin ya dawo sosai sai an yi minti 20 zuwa 30, don haka a rage hasken iyakar yadda za a iya.

Wanda ya ɗaura madubi a kan bindiga yana bincika daji da shi, duk abin da ya kalla ya nuna shi da bakin bindiga ke nan, ko dabba ko mutum. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ban da abin da kotu za ta yi. Ra'ayina shi ne, idan izini ya samu, ƙanenka ya sayo irin na riƙewa a hannu, wanda ya fi araha kuma ba ya haɗe da kunama. Ka duba da shi bindiga tana rataye, ka matsa kusa, ka tabbatar da idonka da fitila, ka san abin da ke bayan dabbar, sannan yatsa ya kusanci kunama. Idan da sauran kokwanto ko kaɗan, a bar naman ya tafi.

TAMBAYA: Ina kiwon shanu da tumaki a wani fili da na kewaye a bayan garin Katsina, kuma ɓarayi sun dame mu. An ce mini wannan na'ura tana ganin mutum ta bayan katanga. Shin gaskiya ne? Daga wata Hajiya a birnin Katsina.

AMSA: Ba gaskiya ba ne, Hajiya, Allah Ya tsare miki dukiya. Na'urar tana karanta zafin fuskar abin da ke gabanta ne kawai, saboda haka katangar za ki gani, ba wanda ya laɓe a bayanta ba. Ko gilashin taga ko na mota ba ta ratsawa, shi ya sa ma nata gilashin ba na yau da kullum ba ne, da wani ma'adini mai tsada da ake kira jamaniyom ake yin sa. Inda za ta yi miki amfani shi ne idan mai gadi ya tsaya a wuri mai tudu yana duba fili, domin zai hango mai tahowa tun daga nesa, ya ƙirga dabbobi ba tare da ya kunna fitila ba, ya kuma gano wadda ta ɓalle ta shiga ciyawa. Amma hoton ba ya nuna kamannin fuska yadda za a kai shi gaban alƙali a ce wane ne, kuma bai kamata mai gadi ya dogara da ita wajen taka ƙasa ba, tunda zafin jikin maciji, har da kububuwa, yana bin na wurin da ya kwanta. Sharaɗin izinin shigo da kaya da na ambata a sama ya kamata ki bincika shi kafin ki biya kuɗi. A ganina fitilun sola masu kunna kansu idan an gitta, da kare, da lambar wayar ofishin 'yan sanda mafi kusa a hannun mai gadi, su ne suka cancanci kuɗin farko.

TAMBAYA: Yaya ake kula da irin wannan na'ura a ƙurar hunturu da zafin bazara? Daga wani mai karatu a Mai'aduwa.

AMSA: Malam, abu na farko kada a taɓa fuskantar da ita ga rana ko wutar walda, ko tana kunne ko tana kashe, domin hakan yana iya ƙona ɗigogin ya bar tabo a hoto, don haka murfin gaba ya zauna a rufe sai lokacin aiki. Ƙurar hunturu kuwa ba a goge ta da bakin riga, saboda tana karce rufin da ke kan gilashin; a fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a shafa da tattausan ƙyallen tabarau. Batirinta na litiyom ne, sau da yawa irin mai lamba 18650, kuma zafi yana rage masa kwana, saboda haka ba a barin sa cikin rufaffiyar mota ko ƙarƙashin kwanon rufi da rana. Idan za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, a cire batirin a ajiye shi da kamar rabin caji, wanda kuma ya kumbura ko fatarsa ta yage a daina sa shi a caji.