Ɗana ya iya gudu, amma bakinsa bai buɗe ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana na biyu yana da shekara biyu da wata bakwai, yana gudu, yana hawa kujera, yana cin abinci da kansa, amma kalmomin da yake faɗa ba su wuce goma ba, kuma ba ya haɗa biyu wuri ɗaya. Idan yana son ruwa sai ya ja zanena zuwa bakin randa. Ƴar maƙwabciyata, wadda ya girme wa, har labari take bayarwa. Uwar mijina ta ce maza ba sa saurin baki, kuma wai ya rikice ne don ina yi masa Hausa, dangin mahaifinsa suna yi masa Zabarmanci. Wata kuma ta ce a kai shi wurin wanzami a duba harshensa. In ci gaba da jira ne?
Wata uwa daga unguwar Bukoki, Yamai

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya raya miki shi. Shawarata ita ce kada ki ƙara jira, ki kai shi asibitin unguwarku, wato CSI, cikin ƴan kwanakin nan, ki roƙi a duba kunnuwansa kafin komai.

Ƴar maƙwabciyarki ba ita ce ma'auni ba, domin a kowace unguwa akwai yara masu saurin baki. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne abin da yawancin yara suke iyawa a kowane mataki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jadawalinta a 2022, inda ta kafa shi a kan abin da aƙalla yara uku cikin huɗu suke yi idan sun kai wasu watanni. A shekara biyu cif, yaro yana haɗa kalma biyu, kamar “ba ruwa” ko “Baba tafi”, yana nuna hancinsa ko cikinsa idan an tambaye shi, yana gudu, yana harbin ƙwallo. A shekara biyu da rabi, kalmominsa sukan kai hamsin, yana cewa “ni”, yana bin umarni mai hawa biyu, kamar a ce ya ɗauko takalminsa ya kai ɗaki, yana tsalle da ƙafa biyu a tare, yana kuma wasan kwaikwayo, irin na yarinyar da take ba ƴar tsanarta abinci da murfin kwalba. Idan ya cika uku, ana sa ran ya faɗi sunansa, ya riƙa tambayar “wane ne” da “me ya sa”, kuma baƙo ya fahimci mafi yawan maganarsa. Idan aka auna ɗanki da wannan, ƙafafunsa da hannuwansa suna kan hanya, amma maganarsa ta yi baya yadda ya kamata ma'aikacin lafiya ya bincika.

Dalilin da ya sa na fara da kunne shi ne, yaro yana faɗin abin da ya ji ne, kuma ana iya samun raunin ji ba tare da kowa a gida ya lura ba. Yaron da yake waiwayawa idan babur ya wuce ko an buga ƙofa, mai yiwuwa ne ba ya jin ƙananan sautukan magana sosai, don haka gwajin tafa hannu a bayansa ba ya wadatarwa. Yawan mura, musamman a lokacin hunturu, yana iya tara ruwa a bayan dodon kunne har tsawon watanni ba tare da ciwo ba, kuma wannan abu ne da ake magancewa. Ki tuna ko kunnensa ya taɓa zubar da mugunya, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da suma, ko kuma ciwon shawara mai ƙarfi a makon haihuwarsa, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya duka. Ki tafi da littafin awonsa a duba nauyinsa da jininsa, domin tamowa da ƙarancin jini suna rage wa yaro kuzarin koyo. Idan ana bukatar gwajin ji na musamman, za su tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin ƙasa da ke nan Yamai. Tun 2006 ne ƙasarmu ta ɗauki tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, saboda haka kada tsoron kuɗi ya hana ki taka matakin farko.

Maganar uwar mijinki tana da ɗan tushe, domin a jimlace ƴan mata sukan riga maza fara magana, sai dai tazarar ƙarama ce, ba ta kai ta bayyana kalma goma a wannan shekaru ba. Gaskiya ne kuma cewa da yawa daga cikin masu jinkirin baki sukan kamo ƴan'uwansu da kansu, amma babu mai iya nuna wanda zai kamo da wanda ba zai kamo ba ta hanyar kallo kawai, kuma watannin da ake ɓatawa ana jira su ne waɗanda taimako ya fi tasiri a cikinsu. Ki gabatar mata da maganar cikin ladabi, in ya yiwu ma ku tafi asibitin tare. Batun harsuna biyu kuwa, ki kwantar da hankalinki ƙwarai. Yaran Yamai da yawa sun tashi da Hausa da Zabarmanci tun suna goye, sannan suka ƙara Faransanci a makaranta. Jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Abin da za ki yi kawai shi ne, idan kina ƙirga kalmominsa ki haɗa na harsunan biyu wuri ɗaya.

Ina roƙon ki kada a kai shi wurin wanzami. Yankan ƙarƙashin harshe ko cire beli ba ya sa yaro magana, amma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

A gida, ki riƙa yi masa magana a kan abin da kuke yi, lokacin wanka da lokacin girki, da gajerun jimloli, kina kallon fuskarsa. Idan ya ja ki zuwa randa, ki ce “ruwa, kana son ruwa”, ki ɗan dakata ko zai gwada, sannan ki ba shi ba tare da tilastawa ba. Waƙoƙin yara da tatsuniyar kaka sun fi masa amfani fiye da waya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya a yini ga ɗan shekara biyu. Idan kuwa ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya haɗa ido da ke, ba ya nuna miki abu da yatsa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, to ki fara da waɗannan idan kin je, domin suna bukatar bincike mai zurfi.

TAMBAYA: Tun da aka yaye ƴata mai shekara biyu da wata huɗu, aka kuma haifi ƙanenta, ta koma birgima da kuka a kan komai, har ta daina neman fo bayan ta saba. Ko wani abu ya same ta ne?
Wani uba daga unguwar Wadata, Yamai

AMSA: Malam, wannan hali sananne ne a wannan mataki. Tsakanin shekara biyu da uku yaro yana gano cewa yana da son ransa, alhali kalmominsa ba su kai su bayyana shi ba, sai fushin ya fito ta birgima, kuma ita ga shi an raba ta da nono da bayan uwarta kusan a lokaci ɗaya. Komawa baya a sha'anin fo bayan sabuwar haihuwa yakan wuce cikin makonni idan ba a dake ta ko an kunyata ta ba, fitsarin kwance kuma ba abin damuwa ba ne kafin shekara biyar. Ka ware mata ɗan lokaci kullum ku biyu kaɗai, ka kuma lura da barcinta, domin yaro mai shekarunta yana bukatar awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da barcin rana. Idan tana kuka lokacin fitsari, ko tana da zazzaɓi, ko maganarta da tafiyarta ma sun koma baya, to a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.