Jirgi ɗaya, lamba biyu: lissafin wa mai tikitin jiran gurbi zai bi?

Tambaya: Yayana ma'aikacin kamfanin jirgi ne, ya samo mini tikitin jiran gurbi (wanda ba a hawa da shi sai in kujera ta rage) daga Frankfurt zuwa Chicago. A shafin United na ga kujeru da yawa babu kowa, a na Lufthansa kuma kamar jirgin ya cika, alhali lokacin tashi ɗaya ne. Wanne zan gaskata? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Malam, fara da gano mai jirgin. Idan kamfanoni biyu suna sayar da tafiya ɗaya, guda ne ke da jirgin da ma'aikatansa, ɗayan lambarsa kawai ya liƙa. A ƙarƙashin lambar za ka ga an rubuta "operated by" da sunan mai jirgin. Lambar aro kuma galibi doguwa ce, mai alƙaluma huɗu. Lissafin mai jirgi shi ne lissafi, domin ma'aikacinsa ne zai kira sunanka a bakin ƙofa. Tikitin ZED, wato mai rangwame na ma'aikatan jirage da iyalansu, wanda ake yanka ta shafin myIDTravel, dole ya kasance kan lambar mai jirgin, kuma sai akwai yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin yayanka.

Taswirar kujeru kuwa kada ta ruɗe ka. Fasinjoji da yawa ba sa zaɓar kujera sai wajen tantancewa, saboda zaɓen na kuɗi ne, don haka gurbin da ka gani fayau yana iya zama sayayye. Wasu kujerun kuma kamfani ne ya toshe su don masu jarirai ko naƙasassu, ba wanda ya saya. Taswirar da abokin hulɗa, wato kamfanin da ya liƙa lambarsa kawai, ke nunawa ta fi rashin tabbas, domin ba kullum ake ba shi cikakken bayani ba.

Haruffan ajin farashi sun fi ta amfani, irin waɗanda shafin ExpertFlyer ke nunawa: Y9 B9 M4 Q0. Kowane harafi ajin farashi ne, daga mai tsada zuwa mai araha, lambar kuma yawan kujerun da suka rage na sayarwa a ajin. Ba a haɗa lambobin a jimla. Kujerun M suna cikin na B, na B suna cikin na Y, kuma 9 na nufin tara ko fiye. Idan har ajujuwa masu araha suna kan 9, akwai sarari. Idan Y kaɗai ya rage, a kan 3 ko ƙasa, ɗauka jirgin ya cika, tunda kamfanoni kan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru. Ga inda lamba biyu ke rikita mutane: a wasu yarjejeniyoyin abokin hulɗa yakan sayi rukunin kujeru ƙayyadadde, sai ya nuna 0 idan rabonsa ya ƙare ko da jirgin na da wuri, ko ya nuna 9 alhali mai jirgin ya sayar da nasa kaf.

Abin da ya fi duka shi ne ma'aikacin kamfanin mai jirgi ya duba maka abu uku: yawan kujeru, yawan waɗanda suka saya, da yawan masu jira. Manhajar StaffTraveler don wannan aka yi ta. Kujera 12 babu kowa da masu jira 15 ba alheri ba ne, kuma ma'aikatan mai jirgin suna gabanka a layi.

Sake dubawa awa 24 kafin tashi, sannan da safiyar ranar. Soke wani jirgi da ya riga naka, ko sauya jirgin da ƙarami, na iya cinye gurbin cikin awa guda. Tanadi tikitin jira na biyu a wani jirgin na wannan rana.