Amsa ga ƙanwarmu da ta yi tambaya kan sukar allura a wurin aiki

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce ba ki daɗe da fara aikin jinya ba, amma har kin ga allura ta soki abokan aikinki biyu, kuma babu wadda ta kai rahoto a cikinsu. Kina son sanin me ke jawo haka, da kuma ko abin ya kai a damu. Wallahi ya kai. Na daɗe ina aikin nan, kuma zan gaya miki abin da na gani da abin da bincike ya tabbatar.

Cututtuka uku ake tsoro: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da ƙanjamau. Yawancinmu ƙanjamau ce ke fara faɗo mana a rai, alhali ita ce mafi wuyar ɗauka ta wannan hanya. Idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da HIV (ƙwayar cutar ƙanjamau) amfani da ita ta soki mutum, haɗarin kamuwa kusan 1 cikin 300 ne. Na ciwon hanta C bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Na B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100 idan ƙwayar cutar na da yawa a jinin majinyacin, kuma tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 sukar allura da makamantanta ta jawo wa ma'aikatan lafiya kusan 66,000 ciwon hanta B, 16,000 nau'in C, 1,000 kuma HIV.

Abin da nake son ki riƙe shi ne lokacin da sukar ke faruwa. Yayin da kike neman jijiya, hankalinki gaba ɗaya na kan bakin allura, da wuya ta same ki. Bayan kin zare ta ne ake samun matsala. Zuciya ta riga ta ce an gama, ido ya koma kan auduga ko kan majinyaci na gaba, ga kuma allura tsirara a hannu da jini a cikinta. Daga gadon majinyaci zuwa kwalin zubar da allura, a wannan ɗan tsakanin ne na ga yawancin sukar da na shaida.

A nan ne maganar mayar da murfi ke shigowa. Mutum ya riƙe murfi da hagu, allura da dama, ya nufi ɗan ramin nan. Idan ya kuskure, yatsansa ne a bayan murfin. An hana wannan tun da daɗewa, Tarayyar Turai ma ta sa haramcin a dokarta ta 2010, amma har gobe ana yi. Na daina ɗaukar abin a matsayin taurin kai. Ki lura da kyau, duk inda ake yawan mayar da murfi za ki tarar kwalin yana can ƙarshen ɗaki, ko ya cika, ko babu shi. Wa zai ratsa tsakanin gadaje da allura a buɗe? Dole ya rufe. Saboda haka ki je wurin majinyaci da kwalinki, ki ajiye shi inda hannunki zai kai ba tare da kin ɗaga ƙafa ba. In kuma dole ta kama sai an rufe, a ajiye murfin a kan tire, a zura allurar a ciki da hannu ɗaya, sannan a danne.

Shi kansa kwalin yana cizo. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi, a kawo sabo. Kada ki taɓa danna abin da ke ciki da hannu don a samu wuri. Na ga wadda allura ta huda ta haka, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne babu wanda ya san allurar wane majinyaci ce, balle a gwada shi.

Sai gajiya. Wanda ya kwana a kan duti, ya zarce da aikin safe saboda mai karɓarsa bai zo ba, hannunsa ba ya bin umarninsa yadda ya saba. An yi bincike a Amurka kan likitoci masu neman ƙwarewa, aka ga sukar ta fi yawa bayan doguwar duti da kuma cikin dare. Ki haɗa wannan da ƙarancin ma'aikata, da rashin haske mai kyau, da ɗakin gaggawa inda mutum huɗu ke kan majinyaci ɗaya kowa da abu mai kaifi a hannu. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji shugaba ya ce wa wadda allura ta soka "ai sakacinki ne". Sau da yawa tsarin aikin ne ya kai ta ga haka.

Sabon shiga irinki yana cikin haɗari don hannu bai faɗa ba, ga kunyar neman taimako. Idan yaro ne, ko mai farfaɗiya, ko wanda hankalinsa ya gushe, kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki samu mai riƙe miki, kuma ki gaya wa majinyaci kafin ki soka don kada ya zabura. Tsofaffin hannu su ma ba su tsira ba, sabo ne ke sa su sauri.

A ɗakin tiyata da na haihuwa allurar ɗinki ce ta fi yin ɓarna, musamman idan ana ɗinki a wuri mai zurfi ana lalube da yatsa. Safar hannu biyu na rage jinin da ke kaiwa ga fata, kuma kada a miƙa wuƙa ko allura hannu da hannu, a ajiye a faranti ɗayan ya ɗauka.

Akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, kuma su suka fi ba ni tausayi: masu shara da masu wanki. Ba su yi wa kowa allura ba. Wani ne ya bar ta cikin zanin gado, ko ya jefa ta a ledar shara, su kuma suka cusa hannu. Galibi ba a yi musu rigakafi ba, ba a kiransu wurin horo, kuma da yawansu ba su san akwai maganin kariya ba. Duk wanda ya yi amfani da allura, shi ke da alhakin zubar da ita da hannunsa.

Ba kowace suka ce daidai da wata ba. Wadda ta shiga da zurfi, da allura mai rami da aka zaro daga jijiya, ana ganin jini a jikinta, ta fi haɗari nesa ba kusa ba a kan ƙarzanen allurar ɗinki ta saman safar hannu. Haka idan cutar ta yi nisa a jikin majinyacin. Amma ba ke za ki yanke wa kanki wannan hukunci a tsaye cikin ruɗu ba.

In ta faru, Allah Ya kiyaye, ki wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana. Kada ki matse, kada ki tsotsa, kada ki zuba bilic. Ki sanar da shugabar duti a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne. A gwada jininki, a gwada na majinyacin da izininsa. Maganin kariya daga HIV, wanda ake kira PEP, ana son a fara shi cikin sa'o'in farko, kuma bayan sa'a 72 ba a sa ran zai yi amfani. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Idan sakamakon majinyaci zai yi jinkiri, a fara maganin, in ya fito babu komai a dakata. Ciwon hanta C ba shi da rigakafi, sai dai a riƙa bibiya da gwaji, kuma magungunan yanzu na warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi. Abokan aikin nan naki, ko lokacin PEP ya wuce musu, su je a gwada su yanzu, a kuma sake bayan watanni.

Na san abin da ke sa mutane yin shiru. Wani tsoron faɗa yake, wani tsoron sakamakon gwajin kansa, wani kuma ya kalli majinyaci ya ga mutumin kirki ne mai ƙoshin jiki ya ce ba komai. Ba a gane mai ɗauke da waɗannan cututtuka da ido, da yawansu su kansu ba su sani ba. Kuma idan ba a rubuta ba, hukumar asibiti za ta ci gaba da cewa babu matsala, ba za a ƙaro kwalaye ba, ba za a sayo allurai masu rufe kansu ba. In cuta ta bayyana daga baya, babu takardar da za ta nuna a bakin aiki aka same ta.

Ba ki faɗa mana ko kin yi rigakafin ciwon hanta B ba. In ba ki yi ba, ki fara a makon nan. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe ki yi gwajin da ke nuna ko jikinki ya samar da kariya, domin akwai 'yan kaɗan da sai an maimaita musu. Kuma gobe in kin shiga duti, ki tambayi shugabarku inda ake ajiye PEP da dare da ranakun hutu, da wanda ke riƙe da makullin.