Dariyar yaranmu a zangon Kumasi

Yaya, tun da ka koma Kano tambayarka ke cin raina. Ka tarar da yarana sun kewaye talabijin suna kallon Scooby-Doo, suna ƙyaƙyata dariya suna zolayar juna da yaren Asante, ka dube ni ka ce, "Anya waɗannan Hausawa ne kuwa?" Na yi shiru don kai baƙo ne, kuma gaba kake da ni.

Wannan katun ɗin Baba ne ya saba musu da shi. Na Amurka ne, kamfanin Hanna-Barbera ya fara shi a 1969: kare matsoraci da abokansa suna bin sawun fatalwa, ƙarshe a yaye mata abin rufe fuska, ashe mutum ne mai wata ɓoyayyiyar manufa. Baba bai damu da fatalwar ba, guje-gujen yake jira. A shiga wannan ƙofa a fito ta waccan, a yi karo, a zube ƙasa, kare ya ɗare jikin ubangidansa yana karkarwa. Ya ce tsohon wasa ne, tun yana saurayi yake ganin irinsa a silima. Ranar da aka sa na 1972, wanda aka zana Laurel da Hardy, tsofaffin 'yan wasan barkwanci na silima, a ciki, ya miƙe da carbi a hannu yana nuna su: "Ga mai ƙiba, ga siririn!" Surukata Ba'asantiya tana gefe, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma dariya suka yi har hawaye.

E, matata 'yar Asante ce. Na lura da yadda fuskarka ta canza da ta kawo maka fufu. Ta musulunta kafin aurenmu, kuma ita ke tashin yaran sallar asuba.

Na san Hausarmu na ba ku dariya, mukan ce wa mace "ya zo". Kakanmu fataucin goro ya kai shi Salaga, a arewacin Ghana, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya gangaro nan Kumasi, a nan kabarinsa yake. Sama da shekara ɗari muna tsakiyar wani yare, harshen bai mutu a bakinmu ba. Da ka ƙara kwana biyu, da ka ga yaran nan gaban fim ɗin marigayi Ibro, ƙaramar tana kwaikwayon tafiyarsa, tana maimaita maganarsa da Hausar Kano tsaf. Ita ce kuma ta tambaye ni dalilin da ya sa Baffa bai yi dariya tare da su ba.